Tasha Mai Lamba 2 a Atlanta: Wa Ke da Ita, Wa Ke Biyan Wa?

Ranar 1 ga Satumba, 1980, mutanen birnin Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka, suka murɗa talabijin zuwa lamba 2 kamar kullum, sai suka tarar da shirye-shiryen da ba su saba gani a nan ba. Shekara 32 ke nan tashar WSB-TV tana kawo musu kayan kamfanin NBC, amma daga wannan rana na ABC ne suka hau, na NBC kuwa suka koma lamba 11. Ba a sayar da tashar ba. Ginin yana nan inda yake a kan titin Peachtree, masu karanta labaran gari su ne dai na jiya. Tashar ce kawai ta raba gari da wani abokin hulɗa ta ƙulla da wani.

Wanda ya tashi da kallon NTA zai ga abin da ɗaure kai. NTA Kaduna ba ta da ikon wayar gari ta ce ta bar uwarta ta koma wa wata, domin tun da dokar soja ta 1977 ta tattara tashoshin yankuna wuri guda, har da RKTV ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1962, kowace tashar NTA reshe ce, mai gidanta ɗaya da uwarta. A Amurka ba haka abin yake ba. ABC, wadda yanzu ke hannun kamfanin Disney, tashoshi takwas kacal gare ta na kanta, a manyan birane irin su New York da Los Angeles da Chicago. Sauran tashoshi fiye da 200 da ke nuna shirye-shiryenta na wasu mutane ne dabam. Kamar gidan mai ne da ke ɗauke da tambarin babban kamfani: man na kamfanin ne, fentin da allon ma nasa ne, amma fili da famfo da ma'aikata na dila ne ɗan gari, kuma ranar da yarjejeniya ta ƙare yana iya sauke allon ya ɗora wani.

Tushen wannan tsari shi ne lasisi. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, wadda aka kafa a 1934, tana ɗaukar iskar da saƙon rediyo da talabijin ke bi a matsayin dukiyar jama'a. Ba ta ba kowa lasisin watsa wa ƙasa baki ɗaya. Tasha guda take ba izinin aiki a gari guda, a kan lamba guda, da ƙarfin wuta da tsayin eriya da ta ƙayyade, kuma a yanzu duk shekara takwas ake sabunta izinin. Sannan an taƙaita yawan abin da hannu ɗaya zai mallaka: a shekarun 1950 tashoshin talabijin bakwai ne iyaka, a 2004 kuma majalisar dokoki ta ɗora iyakar a kan kashi 39 cikin 100 na gidajen da ke da talabijin a ƙasar. To uwar tashar da ke son ta yi wa mai talla alkawarin cewa za a gan shi daga gabas har yamma, dole ta bi gari-gari tana neman masu lasisi su ɗauki kayanta. Su kuma masu lasisin ba su da kuɗin shirya manyan wasannin kwaikwayo, ko aika wakili Landan da Tokyo, ko sayen izinin nuna gasar Olamfik. Kowa yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi.

Ita WSB daga jarida ta fito. Jaridar Atlanta Journal ce ta buɗe gidan rediyon WSB a watan Maris na 1922, kuma a 1927 gidan ya shiga ƙawance da NBC. A 1939 James M. Cox, tsohon gwamnan jihar Ohio wanda ya yi wa jam'iyyar Democrat takarar shugaban ƙasa a 1920 ya sha kaye, ya saye jaridar da rediyon. Da talabijin ya zo, sai ƙawancen rediyo ya bi shi: WSB-TV ta fara aiki ranar 29 ga Satumba, 1948, a kan lamba 8, a matsayin tasha ta farko a Jojiya, ƙawar NBC. Washegari FCC ta dakatar da ba da sabon izini saboda saƙonnin tashoshi suna shiga juna. An ɗauka 'yan watanni za a yi, amma sai da aka kai 1952. Tashoshi 108 da suka riga suka sami takardunsu su ne suka ci kasuwar su kaɗai a waɗannan shekaru, kuma yawancinsu har yau su ne manya a garuruwansu. A 1950 Cox ya haɗe jaridarsa da kishiyarta Atlanta Constitution, wadda ke da izinin gina tasha a lamba 2. Doka ba ta yarda ya riƙe biyu a gari ɗaya ba, sai ya zaɓi lamba 2, wadda saƙonta ya fi nisan zango, ya mayar da WSB can a 1951, ya sayar da lamba 8. Waccan da ya sayar ita ce daga baya ta koma lamba 11, ita ce WXIA ta yau.

A shekaru biyun farko, ƙawancen a gwangwani yake zuwa. Babu wayar da ta haɗa Atlanta da New York, saboda haka sai a kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin a ɗauki shirin yayin da ake yin sa, a wanke fim ɗin, a aiko da shi, mutanen Atlanta su kalla bayan kwanaki, hoton dishi-dishi. A 1950 kebul ɗin kamfanin tarho na AT&T ya iso garin, a Satumbar 1951 kuma aka haɗa gaɓar gabas da ta yamma, Amurkawa suka kalli jawabin Shugaba Truman daga San Francisco kai tsaye. Sai a shekarun 1980 tauraron ɗan adam ya karɓi aikin daga hannun waya.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tasha irin wannan ita ce a bi jadawalinta na yini. Tun kafin asuba ma'aikatanta ke kan allo da labaran gari, cunkoson hanya da hasashen yanayi. Ƙarfe 7 sai ta miƙa wa New York, shirin Good Morning America ya hau, amma ana yanko mata 'yan mintoci a tsakiya ta leƙo da na gida. Da rana akwai awannin ABC, akwai kuma waɗanda tashar ke cikewa da shirye-shiryen da ta sayo da kuɗinta daga dillalan shirye-shirye masu zaman kansu. Shirin Oprah Winfrey, alal misali, ba na wata uwar tasha ba ne. Gari-gari aka riƙa sayar da shi, kuma WSB ce ta riƙe shi a Atlanta. Da yamma labaran gari ne awa bayan awa, sannan rabin awa na labaran ƙasa daga ABC. Daga ƙarfe 8 zuwa 11 na dare, lokacin da aka fi taruwa a gaban talabijin, fagen uwar tasha ne. Ƙarfe 11 ya dawo hannun tashar, 11:35 ya sake komawa ga ABC. Mai kallo yana ganin kamar murya ɗaya ce ke magana tun safe, alhali sau da yawa aka yi musayar hannu.

Wurin da ake wannan musaya wani ɗaki ne mai cike da alluna, inda saƙon uwar tasha ke sauka kafin ya wuce zuwa eriya. Kowane shirin awa ɗaya na dare minti arba'in da 'yan kai ne na wasan kansa. Ragowar talla ne. Mafi yawan tallan uwar tasha ce ta sayar wa manyan kamfanoni, yana zuwa a cikin saƙon. Amma ta bar wasu guraben a buɗe, an san daƙiƙar da kowanne zai fara da wadda zai ƙare, a nan tashar take saka nata: dilan motoci na unguwa, lauyan da ke neman waɗanda suka yi haɗari, kantin kujeru, asibiti. Akwai ofishi guda da aikinsa ke nan, tsara wane talla zai shiga wane gurbi, da kiyaye kada dilolin mota biyu su biyo juna. A da mutum ne ke danna maɓalli, kuskuren daƙiƙa biyu kuma ya bar allo baƙi. Yau kwamfuta ce, har ma kamfanoni da yawa sun tattara wannan aiki na tashoshinsu goma ko ashirin a ɗaki ɗaya a wata jiha.

Farashin gurbi kuwa kamfanin Nielsen ne ke sa a san shi. Ya raba Amurka zuwa kasuwanni 210, kowace gunduma tana ƙarƙashin birnin da mutanenta suka fi kallon tashoshinsa, kuma yana ƙididdige masu kallon kowane shiri. Atlanta tana cikin goma na sama. A cikin kasuwarta, WSB ce kaɗai ke da haƙƙin watsa shirye-shiryen ABC ta iska. Wannan keɓewa ita ce ainihin abin da tashar ta samu a yarjejeniyar.

A nan za a ga dalilin da ya sa tashoshin gari ke ta ƙara awannin labarai har abin ya zama kamar ba su da wani aiki. A shirin uwar tasha 'yan mintoci ake ba su. A labaransu kuwa kowace daƙiƙar talla tasu ce, kuma a tashoshi da yawa kusan rabin kuɗin talla daga nan yake fitowa. Shi ya sa suke sa ido ƙwarai kan shirin da uwar tasha ta sa ƙarfe 10 na dare, domin mutum yakan bar talabijin a inda ya same shi har labaran 11 su shigo. A 2009 NBC, don rage kashe kuɗi, ta cire wasannin kwaikwayo na ƙarfe 10 ta sa shirin barkwancin Jay Leno dare biyar a mako. Ita lissafinta ya fita, amma masu kallon labaran 11 na ƙawayenta suka zube. Tashoshin suka yi barazanar daina ɗaukar shirin, kuma kafin ya cika wata shida an janye shi.

Wannan barazana tana da gindi a doka. Tun ƙa'idojin da FCC ta fitar a 1941, waɗanda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1943 (su ne suka tilasta wa NBC sayar da ɗaya daga cikin layukanta biyu, wanda ya zama ABC), babu yarjejeniyar da za ta hana mai lasisi ƙin shirin da yake ganin bai dace da jama'arsa ba, ko ya maye shi da wani abin da ya fi muhimmanci ga garinsa. Hikimar a fili take: idan an yi laifi a kan iska, mai lasisi ake ci tara. A ranar tunawa da tsofaffin sojoji ta 2004, ABC ta shirya nuna fim ɗin yaƙi Saving Private Ryan ba tare da yanke ashar ɗin da ke cikinsa ba, domin yarjejeniyarta da Steven Spielberg, wanda ya shirya fim ɗin, ta hana taɓa shi. A shekarar kuwa FCC ta zafafa kan batsa. Tashoshi 66 suka ƙi ɗauka, WSB na cikinsu. Bayan 'yan watanni hukumar ta ce fim ɗin ba shi da laifi.

Ni dai ina ganin wannan 'yanci yana da kyau a takarda fiye da yadda aka sha amfani da shi. Mafi munin misali a jihar Misisipi yake. Tashar WLBT ta birnin Jackson, ƙawar NBC, ta ɗauki shekaru tana toshe labaran gwagwarmayar baƙar fata. A 1955, da lauya Thurgood Marshall ya bayyana a wani shirin NBC, sai ta katse shi ta sa allo cewa waya ce ta sami matsala. Cocin United Church of Christ ya kai ƙara a 1964, FCC ta ce masu kallo ba su da hurumin shiga maganar lasisi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da shi, a 1969 kuma ta soke lasisin. Ita WSB ba ta bi wannan hanya ba, kuma finafinan labaran da ta ɗauka daga 1949 zuwa 1981, waɗanda ke ajiye a Jami'ar Jojiya, suna cikin mafi muhimmancin abin da ya rage na hotunan wannan zamani, har da na Martin Luther King, wanda ɗan garin ne. A 1975 ta ɗora Monica Kaufman a kan labaran yamma, mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan kujera a Atlanta, ta kuwa zauna a kanta shekara 37. Tom Brokaw ma, wanda daga baya ya zama fuskar labaran NBC, ya yi aiki a nan a 1965. Tashoshin gari su ne makarantar da uwayen tashoshi ke ɗiban ma'aikata, su ne kuma wakilansu: idan babban abu ya faru a Jojiya, hoton farko da ABC za ta nuna wa ƙasa yawanci daga kyamarar WSB ya fito.

Akwai wuri ɗaya da doka ta ɗaure hannun tashar gaba ɗaya, shi ne tallan 'yan takara. Dole ta sayar wa mai neman kujerar tarayya lokaci, a farashi mafi rahusa idan zaɓe ya kusa, kwana 45 kafin na fid da gwani da kwana 60 kafin babban zaɓe, kuma ba ta da ikon goge ko kalma ɗaya. A 1972 wani mai aƙidar fifita farar fata, J. B. Stoner, ya fito takarar sanata a Jojiya da tallan da ke zagin baƙar fata ƙarara. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP da magajin garin Atlanta suka nemi a hana, FCC ta ce babu dama. Amma ba wanda zai ji tausayin tashoshin a kan wannan doka, domin rahusar ta ɗan takara ce kawai, ƙungiyoyin da ke mara masa baya kuwa farashin kasuwa suke biya. A zagaye na biyu na zaɓen sanatocin Jojiya na 5 ga Janairu, 2021, wanda Raphael Warnock da Jon Ossoff suka ci, kuɗin talla ya doshi dala rabin biliyan cikin wata biyu, kaso mai tsoka kuma a tashoshin Atlanta ya sauka.

To me ya sa WSB ta bar NBC a 1980? A lokacin uwar tasha ce ke biyan ƙawarta kuɗi a kan kowace awa da ta ɗauka, domin lambobi masu ƙarfi kaɗan ne a kowane gari. ABC ta daɗe a matsayin 'yar auta, tana manne da tashoshin da NBC da CBS suka bari. A tsakiyar shekarun 1970 sai ta yi tsalle zuwa ta ɗaya da wasannin barkwanci irin su Happy Days, da ƙwallon Amurka na daren Litinin, da kuma Roots, labarin Kunta Kinte, wanda ta nuna dare takwas a jere a Janairun 1977. Da ta sami kuɗi, sai ta shiga zawarcin manyan tashoshi: WSOC ta Charlotte, wadda ita ma ta iyalan Cox ce, a 1978, KSTP ta Minneapolis da WRTV ta Indianapolis a 1979, sannan WSB. NBC a lokacin ita ce ta ƙarshe. Shekara huɗu bayan haka The Cosby Show ya ɗaga ta zuwa sama, kuma da gasar Olamfik ta zo Atlanta a 1996, wadda 'yan ƙwallon Najeriya suka doke Ajantina suka ɗauki zinare, a lamba 11 mutanen garin suka kalle ta. Duk da haka WSB ta ci gaba da jan ragamar labaran gari, abin da ke nuna cewa amanar masu kallo tana wajen fuskokin da suka sani, ba wajen tambarin New York ba.

Girgizar da ta fi wannan ta zo a 1994. Kamfanin Fox na Rupert Murdoch ya ƙwace izinin nuna rabin wasannin ƙwallon Amurka na NFL daga CBS a kan dala biliyan 1.58 na shekara huɗu, sannan ya zuba dala miliyan 500 a kamfanin New World don tashoshinsa 12 su koma Fox. Ɗaya daga cikinsu ita ce WAGA, lamba 5, wadda ke tare da CBS tun 1949. CBS ta wayi gari ba ta da masauki a Atlanta. Cikin ruɗewa ta amince ta sayi wata ƙaramar tasha mai lamba 69, daga baya ta sami mafaka a lamba 46 ta bar waccan. Abin mamaki, bayan shekara 30, a watan Agustan 2025, tashar lamba 46, wadda yanzu ake kira WANF kuma take hannun kamfanin Gray, ta rabu da CBS ta tsaya da ƙafarta, CBS kuwa ta koma lamba 69 ɗin nan, wadda haɗe-haɗen kamfanoni suka riga suka dawo mata da ita.

Tashar da za ta yarda ta zauna ba uwa a 2025 ta yi lissafi ne, domin a tsakanin kuɗin ya juya hanya. Dokar kebul ta 1992 ta ba tashar gari zaɓi: ko ta tilasta wa kamfanin kebul ɗaukar ta kyauta, ko ta ce ba zai ɗauke ta ba sai da izininta, wato sai ya biya. Shekara goma da 'yan kai kamfanonin kebul suna ƙin ba da tsabar kuɗi, amma daga tsakiyar shekarun 2000 suka fara sakin hannu. Yanzu daga kuɗin da kowane gida ke biya duk wata na kebul ko tauraron ɗan adam, akwai 'yan dalolin da ke tafiya wa kowace babbar tashar gari, ko mai gidan yana kallon ta ko ba ya kallo. Jimillar ta haura dala biliyan 10 a shekara, kuma a kamfanoni da dama ta kai ko ta zarce kuɗin talla. Idan ciniki ya watse, sai tashar ta ɓace daga akwatin masu biya na kwanaki ko watanni, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi.

Uwayen tashoshi suka ce ai don ƙwallonmu da wasanninmu ake biyan ku, saboda haka a raba. Alamar farko ta bayyana a 2000 a yankin San Francisco, inda kamfanin Granite ya yarda ya biya NBC dala miliyan 362 cikin shekara goma don tasharsa KNTV ta zama ƙawarta. A lokacin an ɗauke shi wauta. Yau kowace ƙawa biya take yi, kuma kaso babba na abin da ta karɓo daga kebul New York yake wucewa. Tasha guda ba ta da bakin ja da Disney, shi ya sa ƙananan masu tashoshi suka riƙa sayarwa, manyan rukunoni irin su Nexstar da Sinclair da Gray suka tara ɗaruruwa. Iyalan Cox ma a 2019 suka sayar da mafi rinjayen hannun jarin tashoshinsu, har da WSB, ga kamfanin zuba jari na Apollo. Sakamakon ya fito fili a Satumbar 2025, lokacin da Nexstar da Sinclair suka ce tashoshinsu ba za su nuna shirin barkwancin Jimmy Kimmel na ABC ba saboda kalamansa bayan kisan ɗan gwagwarmayar siyasa Charlie Kirk. ABC ta dakatar da shi kwana shida ta maido shi, su ma bayan 'yan kwanaki suka sauko. Ikon da aka tanada don mai lasisi ya duba halin garinsa, hedikwatoci biyu ne suka yi amfani da shi a madadin garuruwa sama da hamsin a lokaci guda.

Abin da har yanzu ba a iya aikowa daga nesa shi ne aikin ɗakin labarai. Akwai teburin da ke sauraron rediyon 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana dare da rana yana tura wakilai, akwai jirgi mai saukar ungulu, akwai masana yanayi da na'urar hango hadari. Kudancin Amurka yanki ne na mahaukaciyar guguwa, kuma idan aka yi gargaɗin ta, tashar takan katse duk abin da uwar tasha ke nunawa, ko da wasan ƙarshe ne, mai hasashen yanayi ya tsaya a gaban taswira yana kiran sunayen unguwanni da tituna yana cewa a shiga ɗakin tsakiya. Ranar 28 ga Janairu, 2014, dusar ƙanƙarar da ba ta wuce inci biyu da ɗan kai ba ta tsayar da Atlanta cak, mutane suka kwana a motoci, yara suka kwana a makarantu, tashoshin garin kuma suka kwana a kan iska. Ba duk labaransu ne ke da wannan daraja ba. Da yawa gobara ce da harbi da haɗarin mota, don su ne masu arhar ɗauka. Amma da jaridun Amurka suka yi ta rufewa, a garuruwa da dama kyamarar tashar gari ce kaɗai ta rage a zauren majalisar birni.

Ita kuwa keɓewar da aka gina komai a kanta tana ta zaizayewa. Tun Oktoban 2005, da ABC ta fara sayar da wasanninta a iTunes washegarin nuna su, ƙawayenta suka gane cewa uwar ta sami hanyar isa ga mai kallo ba tare da su ba. Yau wasan da WSB ta nuna daren Talata yana kan manhajar Hulu ranar Laraba, babu tallan dilan motocin Atlanta a ciki. A watan Mayun 2025, a ƙididdigar Nielsen, kallon ta intanet ya zarce na iska da na kebul a haɗe a karon farko. Ko waɗanda suka bar kebul suka koma YouTube TV da makamantanta, inda ake samun tashar gari kai tsaye, ba su maye gurbin abin da aka rasa ba, domin dokar 1992 ba ta shafi waɗannan kamfanoni ba. Uwar tasha ce ke zama da su ta yi ciniki a madadin ƙawayenta duka, sannan ta kawo wa kowace tasha farashin da aka yanke, ta karɓa ko ta fita daga manhajar. Masu tashoshin sun kafa ƙungiya a 2023 suna neman FCC ta ba su damar yin cinikin da kansu, uwayen tashoshi da kamfanonin intanet kuma suka kafa tasu don hana hakan.